Kalmar da Ta Kayar da Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yaran gaba ɗaya. Yaya ciwon bayan nan naka? In dai har yanzu kana zama a kujerar nan mai lotsawa, to kada ka sake kawo mini ƙorafi. Mu nan lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Waya ba ta yi mini da kai. Ina fara magana kake jero mini "to, to, Allah ya sawwaƙe", kafin in kai ga abin da ya sa na kira har ka ce ana jiranka. Ga shi kuma ɗakin Baba bango ɗaya ne da nawa, ka kuma san a jikinsa kunne ne kaɗai ya ƙi tsufa.

Jikin nasa dai ga shi nan. Hannun dama yana rawa fiye da lokacin da ka zo, shayi ma rabin kofi nake zuba masa. Abin da ya fi damuna tafiyar ce. In zai tashi, ƙafafun sai su ƙi ɗaguwa kamar an liƙa su da ƙasa. In kuma suka ɗagu sai su yi ta sauri ƙanana-ƙanana, jiki yana gaba ƙafa tana binsa, har sai ya sami bango ko kafaɗata. Likita ya ce halin ciwon ke nan, a rage masa fita. Baba ya saurare shi da ladabi har da godiya, washegari ya riga ni shiga mota.

Har yanzu muna ɗakin nan na bayan maɗaba'a, wanda ka ce warin tsohuwar takarda yana sa ka atishawa. Mu huɗu ne: Baba, da ni, da Dogo, da Gwaggo mai buga mana aikin a kwamfuta. Ƙamus ɗin Turanci zuwa harshenmu da Baba ya fara ina firamare, yau ga ni da 'ya a jami'a, mun iso harafin L. Ka yi dariyarka, na ba ka izini.

Ban sani ba ko ka tuna yadda yake aiki. Duk kalmar da ta shafi motsin jiki ba ta shiga ƙamus sai an yi ta a tsakar ɗaki kowa ya gani da idonsa. A ture tebur gefe, Dogo ya cire takalmi ya tsaya a tsakiya. Bawan Allah nan ya yi rarrafe, ya yi ɗingishi, ya yi tsallen kwaɗo, faɗuwa kuwa ya yi ta har ya ƙware, yanzu yana zubewa ƙasa ya tashi ko ƙura bai kwasa ba, ga shi da furfura a gemu. Kuma akwai doka: in ana nuna kalma ba mai magana, ba mai motsi, ba mai taɓa mai nunawa, sai an ce "shi ke nan". Farkon zuwan Gwaggo ta taɓa tare Dogo yana nuna tuntuɓe, Baba ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta sai da kai.

Makonni ke nan muna kan kalma ɗaya. Ana rubuta ta "lunge", ana furta ta kamar lanj. Ma'anarta dai mutum ya yi gaba farat ɗaya, kamar mai kai suka, ko mai son cafke abin da ke shirin kuɓuce masa. Ni na kawo zabura, Baba ya ce mai zabura yana iya yin baya ko gefe. Gwaggo ta kawo afkawa, ya ce mai afkawa ya riga ya isa, wannan kuwa tana iya ƙarewa a iska. Dogo ya kawo kukan kura, Baba ya dube shi ta saman tabarau, Dogo ya janye da kansa. Kalmar "kai bara" ce ta fi kusa, amma ita ma ya ce da sauranta.

Sai ya sa aka sauko da manyan littattafan nan na saman kabad. Ya nuna mana cewa su ma masu Turancin aro suka yi daga Faransanci, daga wata kalma mai nufin tsawaitawa, kuma a wasan takobi aka fara saninta. Mai takobi yana jefa ƙafa ɗaya gaba ya lanƙwasa gwiwa, ya miƙe hannu iyakar tsawonsa, ƙafar baya kuwa tana nan inda take. Wai ba tsalle ba ne, ba gudu ba ne, mutum ne yake ƙara wa kansa tsawo don ya kai inda tsayuwarsa ba ta kai ba. Aka ba Dogo rula a madadin takobi. Ya yi ta sukar kalandar bango har gwiwarsa ta fara ƙara, Baba yana girgiza kai. Wai Dogo yana shawara da ƙafarsa kafin ya jefa ta, ita kuwa kalmar ba ta sallama.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Alhamis Manaja ya kira ni ofishinsa. Ba tsohon da ka sani ba, wannan sabo ne, ƙanen bayanmu, mai yawan ladabi, irin ladabin da ke sa gaban mutum ya faɗi. Ya ce masu maɗaba'ar sun gaji da jira. Ko dai a ga ƙarshen ƙamus ɗin nan kusa, ko a rufe ɗakin a mayar da shi sito. Abin da suke so shi ne in hau kujerar Baba, a daina nune-nunen nan, a bi harufan da suka rage da sauri. Sunan Baba yana nan a bangon littafi, shi kuma ya zauna a gida. Ya ce ba korarsa ake yi ba, hutu ake ba shi. Na ce masa Baba ya san bambancin kalmomin nan biyu fiye da ni da shi. Ya yi murmushi ya ce shi ya sa suke ganin ya fi kyau ya ji daga bakin 'yarsa.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma abin da ba zan faɗa wa kowa ba sai kai: Manaja bai yi ƙarya ba. A yadda muke tafiya, jikokina ne za su ga Z. Kuma na gaji, Yaya. Na gaji da ɗaura masa maɓalli da safe in zama 'yarsa, in shiga ofis in zama Malama wadda ba ta iya fassara ba, in dawo gida in sake zama 'yarsa. Sai dai na san ranar da aka raba shi da ɗakin nan, ban san me zai tashe shi daga gado ba.

Ka zo mu faɗa masa tare. Kai ne babba, kuma kai ba ya duba ka ta saman tabarau.

Ka gaida Anti da yara. Baban yara yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, da fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka. A riƙa ba ta ruwa da yawa, kada a biye wa kukanta.

Na ga amsarka. Na gode da addu'a, na kuma gode da shawarar cewa in bi shi a hankali. Wallahi da ba ka faɗa ba da gudu zan bi shi. Na fahimci ba a ba ka hutu ba, ban kuma yi fushi ba, ko in ce na yi na huce, don fushi ma yana son mai ƙarfi.

Likita ya tura mu wurin masu gashin ƙashi. Wata mata ce mai fara'a, tana kiran Baba da Kaka, shi kuma yana haƙuri da ita. Ta sa shi ya riƙe ƙarfen bango, ta ce ya jefa ƙafa ɗaya gaba ya ɗan lanƙwasa gwiwa, sannan ya dawo da ita. Yana cikin yi da ƙyar, fuska a murtuke, sai ta faɗi sunan motsin da Turanci. Yaya, kalmar tamu ce. Da ka ga Baba. Ya saki ƙarfe da hannu ɗaya yana laluben aljihu yana neman katin da yake rubuta ma'anar kalma a kai, na yi saurin tare shi. Ya tsare baiwar Allah da tambaya: tun yaushe suke kiransa haka, a makaranta aka koya musu ko a bakin aiki, in an yi shi a hankali ma sunansa ke nan? Ta ce e, ai a hankali ake so. Duk hanyar gida yana maimaita wannan. Wai kalmar da aka haifa don gaggawa ga ta an zaunar da ita tana yi wa tsofaffi aiki a hankali, ashe ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. Na ƙura wa titi ido.

Yanzu katin ya cika har baya. Akwai ta mai takobi, akwai ta mai kai cafka, akwai ta masu motsa jiki. Akwai kuma wata da ya tono, ta masu horar da doki: doguwar igiya ce da mai horo yake riƙewa yana tsaye a tsakiya, dokin yana zagaya shi. Ita ma daga tsawo ta samo suna. Dogo ya ce in dai sai an nuna wannan, to shi ya yarda ya zama mai igiya, a nemo dokin a wani wuri. Gwaggo ta yi dariya har ta goge layi guda a kwamfuta.

A gida kuwa motsin da na yi ta roƙonsa ya yi don lafiyarsa yana ƙi, yanzu shi yake tuna mini. Yana tsayawa a barandar ciki ya dafa bayan kujera, ya jefa ƙafa, ya tsaya yana sauraron jikinsa kamar mai jiran a kira sunansa. Ba don gwiwa yake yi ba, don kati yake yi. Na bar shi, tunda duk inda aka bi gwiwar ce ke amfana.

Na gwada faɗa masa. A mota ne, mun tsaya a cunkoso, na ce, "Baba, Manaja ya yi mini wata magana." Ya ce, "Yaron kirki ne, sai dai bai san aikin ba tukuna. Me ya ce?" Na buɗe baki, sai na ga yana ƙoƙarin mayar da murfin biro, hannun yana rawa, murfin yana kaucewa, ya ƙi kuma ya ce in taimake shi. Na ce masa wai za a gyara mana fanka. Ya ce ai ya kamata.

Baban yara ya ce ina ramewa, kuma ina amsa masa magana kamar ma'aikaciyar banki. Ya ce in karɓi kujerar in huta, ko in ƙi in huta, amma wannan tsayuwar a tsakiya ita za ta kwantar da ni. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ba ni haushi.

Manaja ya sake tare ni a bakin matakala. Masu maɗaba'ar za su zo mako mai zuwa su ga ɗakin da idonsu, yana so kafin nan Baba ya sani, kada ya ji a gaban baƙi. Na ce to. Wannan "to" ɗin irin taka ce, a wurinka na koya.

A gaida kowa da kowa. In ka sami hali ka kira Baba ranar hutu, yana tambayarka, ko da yake ba zai ce yana tambayarka ba.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san Baban yara ya kira ka ya ce Baba ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, za a yi aiki. Duk haka ne. Yana cikin hayyacinsa, yana magana, an ba shi maganin zafi. Daga bencin asibiti nake rubuto maka, ka yi haƙuri da rubutun. Akwai abin da ba a faɗa maka a waya ba, ina so ka ji shi daga gare ni.

Ban faɗa wa Baba maganar Manaja ba har ranar ta zo. Abin da ya sani kawai shi ne manya za su zo ganin aiki. Ya sa rigarsa ta fita kunya, ya sa na goge masa takalmi. A mota ya ce mini yau shi zai nuna kalmar da kansa, tunda Dogo ya kasa, shi kuwa ya koye ta a jikinsa. Zai kuma nuna musu bambancinta da wadda ke biye da ita a akwatin katuna, wata mai nufin tangaɗi, irin na wanda jiki ya kwashe shi gaba ba da sonsa ba. Na ce, "Baba, don Allah ka bar wa Dogo." Ya ce a gida ne nake 'yarsa, kuma mun riga mun fito daga gida.

Suka zo, Manaja da wani dattijo da wata mata mai jaka. Aka gaisa. Baba ya yi musu bayanin Faransanci da takobi da igiyar doki, muryarsa tar kamar ta da. Na ga dattijon yana gyaɗa kai, har na fara jin wani abu mai kama da sa rai. Sannan ya ce a ture tebur. Ya miƙa wa Gwaggo sandarsa, ya karɓi rula.

Yaya, ya yi ta. Ban taɓa ganin an yi ta haka ba. Ya tsaya shiru, sai kawai muka ga ƙafa ta yi gaba, hannu ya miƙe, bakin rula ya tsaya cak a iska, mutumin da nake ɗaura wa maɓalli ya koma dogo. Ya ɗan jima a haka. Daga nan sai jikin ya rinjaya gaba, ƙafafun suka fara saurin nan nasu ƙanana-ƙanana, ya nufi kabad ɗin ƙarfe.

Mu uku muna tsaye muna kallo. Ni da Dogo da Gwaggo. Ba wanda ya motsa. Na ɗauka ya wuce kalma ta biyu ne, tangaɗin da ya ce zai nuna. Har a raina na ce kai, ya iya. Gwaggo tana rungume da sandarsa, Dogo ya harɗe hannu yana nazari. Ni da nake ganin tafiyar nan kullum a baranda, ni da na san ta fiye da tafiyata, na tsaya ina jiran a ce "shi ke nan". Shekara da shekaru an koya mana cewa wanda ke tsakar ɗakin nan ba ya faɗuwa da gaske.

Manaja ne, da bai san doka ba, ya kai masa hannu. Yana can wajen ƙofa, ban san yadda aka yi ya kai ba. Tafin hannunsa ya shiga tsakanin goshin Baba da bakin kabad. Kan ya tsira, yatsun Manaja suka karɓi dukan, Baba ya juya ya zube ta gefe. Ƙarar da ƙugun ya yi ita ta sake mu.

Na durƙusa a kansa ina kiran sunan Allah. Fuskarsa ta yi fari, gumi ya keto masa. Ya kama hannuna ya ce, "Malama, kin gani?" Na ce na gani, Baba, kada ka motsa. Ya ce, "Ba ni ba. Shi. Ƙafarsa ta baya ba ta tashi ba. Ita ce wannan." Manaja yana durƙushe yana riƙe da yatsunsa, bai san ma da shi ake ba. Sai Baba ya rufe ido ya ce, "Shi ke nan." Dogo ya fita waje, na ji shi yana kuka a bakin famfo.

Muna jiran motar asibiti matar nan mai jaka ta matso kusa da ni. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma da faɗa ne. Ta ce, "Baiwar Allah, an ce ke 'yarsa ce?" Na ce e. Ta ce, "Kuma kina tsaye." Ban yi mata bayanin doka ba. Yaya zan yi in faɗe ta a waje ta zama magana?

Ina jin kunya, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, kuma duk a gajiye nake jin su, ko kukan kirki na kasa. Baban yara ya ce ba laifina ba ne. Kai ma na san haka za ka ce, don haka ka riƙe, na karɓa.

Likitan ƙashi ya ce in aiki ya yi kyau zai zauna, wataƙila ya taka da abin dafawa. Bai ce zai koma ofis ba, ni ma ban tambaya ba. Ka yi mana addu'a, wannan karon da gaske nake nema.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti da yara, da fatan kowa yana lafiya. Na ji daɗi da ka ce an sa maka hannu a hutun. Ka taho da rigar sanyi, ɗakin da aka kwantar da shi na'urar sanyinsa ba ta da tausayi.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Yana zama a jingine, yana cin abinci kaɗan-kaɗan. Manaja ya zo dubiya da hannu a naɗe. Baba ya yi masa godiya sosai, sannan ya tambaye shi a ina ya koyi jefa ƙafa haka. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san na yi ba." Baba ya ce ai shi ya sa ta yi kyau.

Masu maɗaba'ar sun yanke magana tun washegarin faɗuwar. Bayan abin da suka gani ba su ma tsaya jin ta bakina ba: ko ni, ko sito. Na karɓa. Kujerar tasa ban iya zama a kanta ba, tawa na jawo zuwa teburinsa, Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba.

Na so in jira ka, amma ya fara cewa in kawo masa akwatin katuna asibiti, kullum ina ƙirƙiro dalili. Ran nan da la'asar ina ɓare masa lemo na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, ƙarfin yin ta ma babu. Na ce, "Baba, sun ce ka huta. Ba za ka koma ɗakin ba. Sun ba ni aikin in ƙarasa, kuma ba za a ƙara nuna kalma ba." Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun kafin ka faɗi. Ya ce, "Fankar nan." Na ce e.

Na shirya wa faɗa, Yaya. Na shirya ya ce in kira masa Manaja, ya ce na ci amanarsa, ya ce ƙamus ɗin da za mu yi ko ɗaurin gyaɗa bai cancanta ba. Duk na tanadi amsoshi a mota. Sai ya ƙura wa ledar ruwan da aka rataya masa ido. Can ya ce me na rubuta a katin. Na karanto masa daga ka: kai bara gaba farat ɗaya, tare da miƙe jiki. Ya maimaita a hankali, ya ce, "Bai cika ba." Na gyara zama, na zaro biro daga jaka, har na ji daɗi. Sai ya ce, "Bar shi haka. Ku wuce."

Daga nan ya ce in ƙara masa sautin talabijin. Wasan ƙwallo ake yi. Ka san Baba bai san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba. Ya kalla har aka tashi, ni kuma na zauna da lemo a hannu.

Aiki yana gudu yanzu. Mun gama L, mun shiga M. Dogo yana zaune da takalminsa a ƙafa daga safe har yamma, gwiwarsa ta huta, ba ya kuma yi wa kowa wasa. Manaja yana leƙowa yana yaba mana. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ke nan, ga shi an ba ni, kuma kullum in na rufe ɗakin sai in ji kamar na bar wani a ciki.

Kullum in na shiga wurinsa nakan tsaya a bakin gado in ɗan jira, ko zai tambaye ni inda muka kai. Yana tambayata yara, yana tambayata cunkoso, jiya har ya tambaye ni ko na ci abinci, abin da bai taɓa yi ba. Ya zama mai sauƙin hali, ma'aikatan jinya suna ta yabonsa, wai ba su taɓa samun tsoho marar gardama irinsa ba.

In ka zo, don Allah ka ja shi da musu. Ka faɗi wata kalma ba daidai ba a gabansa, ka nace a kanta, kai ka iya wannan tun muna yara. Ni na gwada, sai ya ce mini haka ne.

Allah ya kawo ka lafiya. Ka sanar da ni motar da za ka shigo, zan zo tasha da kaina.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta